Na'urar da ke hana mota tashi in direba ya sha giya, za ta yi aiki a Jos kuwa?

Baban Khadija:
Salam jama'a. A Amurka in kotu ta sami mutum da laifin tuƙi cikin maye, musamman wanda ya maimaita, takan tilasta masa saka wata na'ura a motarsa, kafin ya tada sai ya hura mata iska, in ta ji giya a numfashinsa ko zai kwana yana murza ki motar ba za ta tashi ba. Jihar Kalifoniya ce ta fara gwada dokar a 1986, jihar Niyu Meziko kuma a 2005 ta ce ko karon farko ne a saka maka, kuma kai za ka biya kuɗin sakawa da na haya duk wata. To masu harkar mota, in aka kawo dokar nan za ta yi aiki kuwa? Don wlh yadda goskolo, giyar nan mai ƙarfi, ya kama matasa a garin nan, ga Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga da ko mai hankalinsa addu'a yake kafin ya gangara, abin na ban tsoro.

Sani Rewaya:
Hhh Baban Khadija ai kwandasta zai hura masa shi kenan. In ma ba haka ba a kawo mana ita Dilimi wurin masu gyara, waya ce fa, duk abin da aka haɗa da waya akwai yaron da zai zagaye shi kafin la'asar.

Maman Ilham:
Malam Sani ba su bar ƙofar a buɗe haka ba. Kana cikin tafiya na'urar za ta sake neman ka hura, in ka ƙi ko ta ji giya ba ta kashe injin don kar a yi hatsari, amma za ta rubuta, wasu ma hon ne zai yi ta kuka fitilu na walƙiya sai ka faka. Da yawa akwai kyamara mai ɗaukar fuskar mai hurawa, kuma bayan wata ɗaya ko biyu dole ka kai a duba a sauke bayanan a tura wa hukuma, in an taɓa waya za su gani. Inda take da rauni shi ne bincike ya nuna tana rage maimaita laifin sosai muddin tana jikin motar, da an cire kuwa da yawa sai su koma gidan jiya.

Direban Akwanga:
Hajiya duk na yarda, amma ni matsalata kalmar "wanda ya maimaita" ɗin nan. Waye ke riƙe da lissafin? Can lasisinka na ɗauke da tarihinka, nan kuwa wanda aka kama a Bukuru yau gobe a Farin Gada sabon mutum ne, balle a ce an kai shi gaban alƙali. Kuma giya kaɗai take ji, ba ta san tiramol ba, ba ta san wiwi ko kodin ba, mu da ke kwana a tasha mun san me ake haɗiya da shayin asuba. In da gaske ake a fara da motocin haya kamar yadda Faransa ta yi, tun 2015 manyan bas-bas ɗinsu masu tafiyar nesa dole da na'urar. Mu ko abin hurawa na hannu irin na ƴan rod sefti aka ajiye a bakin get ɗin tashar Bauchi Rod, ƴan yuniyon su tsaya a kai ba mai fita da fasinja sai ya hura, ya fi mana.

Baban Khadija:
To shi ɗan yuniyon da zai riƙe abin, wa zai fara gwada shi da safe?