Bayi a labaran almara: me kuka ce wa yaranku?

Malama, Aboabo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mun gama karanta Harry Potter da 'yata, sai ta ce, "Mama, 'yan aljanun nan masu aikin gida an 'yanta su kuwa?" Ɗaya ko biyu kawai. An kashe mugu, an yi murna, sauran suna nan a kicin ɗin makaranta suna girki ba ko sisi, wai haka suke so. Yarinyar da ta tashi nema musu haƙƙi ma abokanta dariya suka yi mata. Abin ya tsaya mini a rai. Ku ya kuka yi da naku?

Ɗalibi, Asawase: Malama, ni rashin warwarewar ba ta dame ni ba, in dai marubuci ya san ciwo ne ya bari. A Game of Thrones, sarauniya Daenerys ta 'yanta bayin biranen Astapor da Yunkai, tana juya baya iyayengiji suka dawo. Wannan na yarda da shi. Turawa sun soke bauta a Gold Coast (Ghana ta yau) a 1874, amma mutane da yawa sun ci gaba da zama gidajen da suka mallake su, don ba gona, ba hanyar gida. Abin da ba na so shi ne a ce bawa yana jin daɗin bautarsa.

Baba, ɗan Salaga mazaunin Zongo: Yarana, ku bar ni in sa baki. Na kai jikokina Salaga, tsohuwar kasuwar bayi a arewacin Ghana, na nuna musu Wankan Bayi, inda ake wanke mutane kafin a kai su kasuwa. Ƙaramar ta leƙa ruwan ta ce, "Kaka, su wa suka sayar da su?" Bakina ya yi nauyi, don amsar ba Bature ba ce kaɗai. Babatu, Bazabarmen nan mai kamen bayi, kabarinsa na Yendi, a wasu gidajen jarumi ne, a Sandema kuwa duk Disamba ƙabilar Builsa na bikin Feok don tuna yadda kakanninsu suka fatattake shi. Kuma da idona na ga an fasa aure bayan an kai goro, saboda wata tsohuwa ta raɗa cewa kakar yaron saye aka yi. Yaron hafizi ne, yana da sana'arsa. Har yau bai san dalili ba.

Malama, Aboabo: Allah sarki, Baba. Wallahi wannan ya fi duk littattafan taɓa ni. Tatsuniyoyinmu ma, sarki ya ba jarumi kyautar bayi da kuyangi, mu tafa, ba mai tambayar sunansu. Hutu mai zuwa zan kai 'yata Salaga. In za ku je, ku sa mu a mota.