Wai da gaske kallon finafinan Faransa yana koya wa mutum Faransanci?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar. Na gama bautar ƙasa, yanzu ina zaman shagon kawuna a kasuwar Sabon Gari ta Zariya, shadda da atamfa muke sayarwa, kuma yana so nan gaba in fara bin yaransa Kwatano sarin kaya, shi ya sa na ƙudurta sai na iya Faransanci ko da na ciniki ne, in Allah ya yarda ma har in zana jarabawar DELF ta shaidar iya Faransanci don ban cire rai da aikin ƙungiyoyin nan na waje ba. Ɗan abin da aka koya mana a ƙaramar sakandare duk ya gudu, bonjour kawai ta rage. Wani abokina ya ce kar in ɓata kuɗina a lesin, in je wajen masu turi a cika min memori da finafinan Faransa, wai ai haka ƙanwarsa ta iya Indiyanci. To na fara, amma wlh in suna magana ji nake kamar ana zuba tsakuwa a kwano, ba na tsintar komai, idona na kan fassarar Turancin da ke ƙasa, fim zai ƙare na san labarin tsaf amma ko kalma ɗaya ban ƙaru da ita ba. Ni ne ban iya kallon ba ko dabarar ce ba ta ci? Kuma wane fim ya dace da ɗan koyo?

Mushen Samaru:

Wa alaikumus salam ƙanina. Faransanci na karanta a nan ABU, bari in faɗa maka yadda abin yake. Dabarar tana ci, amma ba yadda kake yi ba. Muddin Turanci na ƙasan allo to karatun Turanci kake yi, kunnenka hutawa yake abinsa. Abu na farko ka kashe shi ka kunna rubutun Faransanci, ya zama abin da bakinsu ke faɗa shi idonka ke gani. In da hali ka zaɓi wanda aka yi wa kurame, shi ya fi bin maganar sau da ƙafa. Kuma ka guji fim ɗin Amurka da aka ɗora wa muryar Faransanci, masu muryar daban masu rubutun daban, sai ka ji wani abu ka ga wani abu kanka ya ɗaure a banza.

Na biyu, ka daina kallon fim daga farko har ƙarshe da sunan koyo. Ɗauki wuri ɗaya na minti uku zuwa biyar, misali inda ake sayayya ko ana gaisawa, ka kalla da rubutu, ka maimaita ba rubutu, ka tsayar ka kwaikwayi maganar da bakinka da ƙarfi ko da 'yan gida za su ce ka zautu. A YouTube za ka iya rage gudun zuwa 0.75. Ɗan littafi a gefe, jimla sukutum za ka rubuta ba kalma tsura ba, ka haɗa da le ko la ɗinta domin su ma suna da namiji da mace kamar Hausa, sai dai ba sa tafiya daidai da namu, rana a wurinsu namiji ce wata kuma mace. Mu Zazzagawa da dama Kanawa ke tsokanarmu wai ba mu raba namiji da mace a magana sai mu ƙara ɗaura ɗamara a nan lol.

Dalilin da ya sa ba ka tsintar komai kuwa ba laifin kunnenka ba ne. Bafaranshe yana rubuta harafi a ƙarshen kalma ya ƙi furta shi, sannan ya manne ƙarshen wata kalmar da farkon ta gaba, ga haɗiye rabin jimla. A littafi je ne sais pas za ka gani, a fim "shepa" kawai za ka ji ta wuce. Wannan ne ainihin amfanin fim, shi ke nuna maka yadda suke maganar da gaske, littafi ba zai ba ka wannan ba. Amma shi ma fim ba zai zaunar da kai ya koya maka yadda aikatau ke juyawa ba, sai ka samu littafin 'yan fari ko wani ya ɗora ka tukuna.

Kuma ni da zan ba ka shawara kar ka fara da fim ma. RFI suna da Journal en français facile, labarai ne na minti goma da rubutunsu a shafinsu, ka fara jin labaran ranar a sashen Hausa sai ka koma can, ka ga ka riga ka san zancen da ake. TV5Monde ma suna da shafin koyo kyauta, gajerun bidiyo da tambayoyi daga matakin 'yan fari A1, sai A2, B1, har B2, ba ya cin data kamar fim. Wanda kowa zai ce maka ka kalla shi ne Intouchables na 2011 saboda Omar Sy, fim ne mai daɗi ba musu, amma maganar unguwannin bayan garin Paris ce cike da zaurancen matasa da suke juya kalma baibai, ka ajiye shi sai ka yi ƙwari.

Alhajin Kwangila:

Yaro in dai don Kwatano ne kar ka wahalar da kanka da yawa. Tun kafin a haife ka muke bin hanyar nan, ban taɓa zama na kalli fim ɗin Faransa ba. A Zongo Hausa ake yi, Maraɗi da Damagaram kuwa ai gida ne, ba wanda zai maka Faransanci a kasuwa. Inda za ka neme shi shi ne wajen jandarma da 'yan duwan, wato kwastam, a hanya, da takardun kaya, da banki, da in ka shiga kasuwar Dantokpa wajen matan nan masu atamfa. Kuma abin da zai cece ka a can ƙirga ne. Ka iya lamba kamar sunanka, don su 70 sittin da goma suke cewa, 80 ashirin huɗu, 90 ashirin huɗu da goma, kafin ka gama lissafi a ka mai kaya ta juya wajen wani. Ga sefa kuma, Hausawan can da dala suke ƙirgawa, dala ɗaya sefa 5, jaka sefa 1000, in ba ka riƙe wannan ba za ka sha mamaki. Wane fim ne zai koya maka haka? Sannan Faransancin bakin ruwa ba irin na Turawan ba ne, namu a buɗe yake ana jin kowace kalma. In kallon za ka yi ka nemi wasannin Abijan da na Wagadugu, sun cika YouTube, su ne irin maganar da za ka tarar. Ka gaida kawun naka.

Abba Gyallesu:

Ni dai tambayata, shekara nawa Bahaushe ya yi yana kallon Indiya tun zamanin silima? Mutum nawa ne za su iya zuwa Mumbai su yi cinikin tasi? Waƙa muka haddace da kalmomin soyayya shikenan. Kuma ma Faransancin da masu shi ke gudu, Nijar ba a 2025 suka ce Hausa ce harshen ƙasa ba, sun fice daga ƙungiyar masu Faransancin ma. Ka koyi Sinanci kawai malam.

Maman Ilham:

Abba ka ji ka da wata magana. Eh sun ɗaga Hausa, amma a takardar dai an bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki, kuma Binin da Togo da Kamaru da Chadi duk suna nan ba inda suka je. Batun Indiya kuma ai ka ba da amsar da kanka, wanda ya kalla don nishaɗi nishaɗi ya samu, 'yan matan da suka sa kansu suna maimaitawa suna rubutawa su ne suka iya.

Ɗana mai tambaya, ni Faransanci nake koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan gari, abin da Mushe ya faɗa haka yake, zan ƙara ta ɓangaren al'ada ne don kowa ya tsallake shi. Ka sa ido a fim ka ga wa ake ce wa tu wa ake ce wa vous. Mu wannan ba baƙo ba ne a wurinmu tunda ba ka ce wa surukinka "kai", "ku" kake cewa, to su ma haka, kuma in ka ce wa jami'i tu a kan iyaka ka ja wa kanka tsaiwa. Ka lura kuma ba mai shiga shago ko ofis ya fara magana bai ce bonjour ba, rashin tarbiyya ne babba a wurinsu kamar ka faɗa gidan mutane ba sallama. Irin waɗannan a fim ake ɗaukarsu ba a allo ba.

Sai gargaɗi, kuma da gaske nake. Finafinan Faransa ba su da kunya ko kaɗan, fim ana zaune lafiya ana hira sai kawai ka ga abin da ba ka shirya gani ba, ba irin wanda za ka kunna a falo gaban Hajiya da ƙanne ba ne. Ka riƙa duba shekarun da aka rubuta a jiki kafin ka sauke, kuma ka sani ma'auninsu ya fi namu sassauci nesa ba kusa ba. Ni ɗalibaina Les Choristes na 2004 nake fara ba su, labarin malami da yara a makarantar kwana, manyan cikinsa suna magana a natse. Katun ɗin Kirikou na 1998 ma maganarsa a hankali take kuma muryoyin 'yan Afirka ne, sai dai an zana matan ƙauyen ba riga, na faɗa maka tun yanzu. In kana son wanda ya taɓa tarihinmu ka nemi Sarraounia na Med Hondo, 1986, kan sarauniyar Lugu a Nijar da ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1987. Ba duka da Faransanci aka yi shi ba, amma wuraren sojojin za ka ji shi sosai, kuma za ka gane ta yadda harshen ya shigo maƙwabtanmu tun farko.

Ɗan Tudun Wada:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji zai ji insha Allah, ƙirgar ma yau zan fara. Mama na ɗauki gargaɗin, da iyafis zan riƙa yi a shago in ba kostoma. Mushe saura batun DELF ɗin, a Zariya ake yi ko sai na yi tafiya? Kuma wa zan samu in riƙa yin maganar da shi, don a gidanmu ba mai ji.

Mushen Samaru:

Ka tuntuɓi cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française ta Kaduna ko ta Kano su faɗa maka lokacin zama na gaba da kuɗin rajista. Takardar DELF ba ta mutuwa, in ka ci ka ci har abada, amma kar ka yi gaggawar B1, fara da A2. Kuma akwai ɓangaren da za ka zauna gaban mai jarabawa ku yi magana baki da baki, nan ne 'yan kallo zalla ke zubewa. Mu ma sai da aka kai mu ƙauyen Faransanci na Badagry a aji uku bakinmu ya buɗe. Abokin hira kuwa ba wuya a garin nan, akwai ɗalibai 'yan Nijar da Kamaru da Chadi a Samaru, ga telolin Sabon Gari 'yan Togo da Binin da ke zuwa sayen yadi, wataƙila ma a shagonku. Gobe in ɗaya ya shigo ka ce masa da Faransanci za a yi cinikin, ka bar shi ya yi ta dariya, zai gyara maka.