Shawarwarin masu lambu kan shigowar bazara

Da masu lambun unguwa suka zauna kan aikin watan Maris, bakinsu ya zo ɗaya: zafi ya kunno kai, lokacin latas, kabeji da tumatir ya wuce. A koma ga alayyahu, kuɓewa, rama da lalo. Alayyahu ma sati 4 ya isa a fara yanka.

An fi daɗewa kan ruwa, kuma da gaskiyarsu. A yi ban ruwa da asuba ko bayan la'asar, a lulluɓe fangali da buntun shinkafa don danshi ya daɗe. Wani dattijo ya ja kunne cewa kashin kaji ɗanye yana ƙone shuka, a bari ya ruɓe tukuna. Maganar awaki kuwa, aka ce kowane gida ya kawo kara a gyara darni.