Tun da na haɗa Trello da shirina, saƙo ɗaya ke fita sau uku

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman shawara. Mu biyar ne a wurin aikinmu, kuma a allon Trello, manhajar tsara ayyuka a kan katuna, muke bin kowane aiki. Na rubuta ɗan shiri da Python: da zarar an ja kati zuwa jerin "An kammala", sai ya tura wa mai aikin imel, ya rubuta layi a Google Sheets, ya bar sharhi a katin. Da farko duk minti ɗaya yake leƙa allon. Sai na koma webhuk, wato Trello ne ke sanar da sabata (kwamfutar da shirin ke gudana a kanta) da kansa. Tun daga nan wani mai aiki ya sami imel ɗaya har sau uku, jiya kuma wani kati ya cika da sharhi iri ɗaya, sai da na kashe sabar. Kunya ta ishe ni. In koma tsohon tsari ne, ko akwai gyara?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kada ka koma. Ina kyautata zaton sai ka gama tura imel da rubutun Sheets kake mayar wa Trello da amsar 200, lambar da ke nufin saƙo ya iso lafiya. Idan amsa ba ta iso ba, Trello yana ɗauka saƙon ya faɗi, sai ya sake turowa har sau uku, bayan daƙiƙa 30, sai 60, sai 120. Ka amsa 200 nan take, aikin ka jefa shi a layi wani sashen ya yi shi daga baya. Sannan kowane motsi da aka yi a allon yana zuwa da lambar shaidarsa. Ka riƙa adana ta, ko a ƙaramin rumbun bayanai irin SQLite ne; in ka ga wadda ka taɓa gani, ka wuce kawai.

Amsa ta biyu: Maganar malam gaskiya ce, amma sharhin da ya cika kati wata cuta ce daban. Sharhin da shirinka ya rubuta shi ma motsi ne a kan allon, sai webhuk ya dawo maka da shi, kai kuma ka sake yin wani. Ka tace: motsin sauya jeri kaɗai za ka kula. Ka kuma buɗe wa shirin asusunsa na Trello, duk abin da ya fito daga asusun nan ka ƙyale shi. Irin wannan zagayen ne ke kai mutum ga amsar 429, wato buƙatu sun yi yawa, don tokin (mabuɗin da shiri ke shiga Trello da shi) ɗaya buƙata 100 yake da ita a daƙiƙa 10.

Amsa ta uku: Ƙanena, sharhin ma me ya kai shi cikin kod? Butler, tsarin da ke yin ayyuka da kansa a cikin Trello, zai yi maka. Abin da ya fi damuna, kana duba sa hannun da ke zuwa a X-Trello-Webhook, wato shaidar da ke kan saƙon mai nuna daga Trello ya fito? In ba ka dubawa, duk wanda ya san adireshin sabarka zai iya sa ta tura wa mutanenku imel.

Mai tambaya: Wallahi Yaya ban san da shi ba, yau zan sa. Na gode muku. Saura ɗaya: in sabata ta mutu na awa guda, katunan da aka ja a lokacin fa?

Amsa ta farko: Tsohon shirinka na leƙe ka bar shi, amma sau ɗaya a dare. Ya kwatanta jerin "An kammala" da lambobin da ka adana, ya cike abin da ya kuɓuce.