Sauya injin akori-kura: kafireto ko injekta? Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari

Mai tsohuwar Hilux:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Injin motata ya gaji. Hilux ce tsohuwa mai inji samfurin 22R na kafireto (na'urar da ke haɗa iska da fetur ba tare da kwamfuta ba), an yi masa obahol, an canza ringi, amma ya dawo yana hayaƙi yana shan baƙin mai. Bodi da shasi lafiyarsu ƙalau, shi ya sa ba na son rabuwa da ita. Hanya uku ce a gabana: in nemi wani 22R ɗin, ko in sa injin Toyota samfurin 3RZ da injektansa (tsarin da ke fesa mai bisa umarnin kwamfuta), ko kuma in bi shawarar bakanikena, wanda ya ce in sayi 3RZ a cire injekta a ɗora masa kafireto, wai an huta da ciwon kai. Don Allah wanda ya taɓa yi da motarsa ko da hannunsa ya faɗa min abin da ya gani.

Tsohon bakanike:
Wa alaikumus salam ɗana. Ni da kafireto na koyi aiki, kuma har gobe ina ƙaunarsa. In ya ƙi a hanya, sukurdireba da sifana sun ishe ka: ka kwance, ka hura jet, ka duba fulot, ka ɗaure ka wuce. Injunan 22R da 3Y da 4Y duk na sha zama a kansu. In ka samu 22R mai lafiya, ka sa shi kawai, domin zai zauna a kan kujerar injin da kake da ita, ya haɗu da giyabos ɗinka, babu yanka babu walda. Amma shawara ta uku ban goyi bayanta ba ko kaɗan. An kawo min irinsu da yawa in gyara. Injin da aka ƙera da injekta, kwamfutar ba mai kaɗai take rabawa ba, ita ce ke ƙayyade lokacin da wuta za ta faɗa a fulogi. Ka cire ta, dole ka nemo wata dabarar ba da wuta, kuma a nan aikin yake lalacewa.

Mai wayarin:
Baba ya faɗi gaskiya, bari in ɗora. Na haɗa wayarin irin wannan sauyi, kuma abin da na lura shi ne yawancin masu zagin injekta ba injekta ne ya cuce su ba, guntun kaya aka sayar musu. Mutum ya sayi inji tsirara, an datse wayoyinsa da almakashi, babu birenbos, wato kwamfutar injin, sannan a shiga kasuwa ana tsintar wannan daga wata mota, wancan daga wata. Motar za ta tashi, amma silo ba zai zauna ba, kuma ba za ka taɓa gane inda matsalar take ba.

Na biyu, famfon mai. Kafireto ƙarfin mai kaɗan yake so, abin da bai wuce psi 3 zuwa 7 ba a ma'aunin matsin mai. Injekta irin na 3RZ yana neman wajen psi 40. Kenan famfon da ke motarka yanzu ba zai yi ba, sai na lantarki, kuma ya fi kyau ya zauna a cikin tanki domin man ne ke sanyaya shi. Ana buƙatar bututun da zai mayar da ragowar mai cikin tanki. Tiyon roba ma sai an canza. Na ga motar da aka bar mata tiyon kafireto da tsohon kilif, tiyon ya tsage yana fesa fetur kusa da manifol ɗin salansa mai zafi. Allah ne ya tsare. Wannan wurin ba a yin arha a cikinsa, Malam.

Sai sensa. Akwai na iskar da ke shiga, na zafin ruwa, na totur, da na iskar oksijin da ke jikin salansa. Da su kwamfuta ke riƙe haɗin iska da mai a wajen kashi 14.7 na iska zuwa 1 na fetur, kuma daga nan sauƙin shan man yake fitowa. Masu walda sukan yi sabon salansa su manta da ramin sensan oksijin, ko a cire tamostat wai don kada inji ya yi zafi. In aka cire shi, inji ba ya kai zafin da ya kamata, kwamfuta ta ɗauka har yanzu da sanyinsa, ta yi ta ƙara mai. Sai mai mota ya dawo yana cewa injekta ya fi kafireto shan mai.

Mai ɗaukar kaya:
Ni da irin wadda bakanikenka yake so ya yi maka nake aiki, haka na saye ta. 3RZ ne aka ɗora wa kafireto da distiribita na wata mota. Tana tafiya, ba zan ce ba ta tafiya ba. Amma ƙarfin da aka san injin da shi, doki 150, babu shi. Da kaya a hawa sai ka ji tana ƙwanƙwasa, in aka ja taimin baya ƙwanƙwasar ta daina sai ƙarfinta ya ragu. Fulogi kullum baƙi. Abokin aikina yana da irin injin da injektansa, kaya ɗaya hanya ɗaya, kullum ni nake riga shi tsayawa gidan mai. Ka kuma sani cewa 3RZ na ƙarshe-ƙarshen da aka ƙera ma ba su da distiribita, koyil ne kawai, balle 2TR da ya biyo bayansa.

Direban tsauni:
Nawa ya ɗan bambanta. Nissan nake ja, da Z24 na kafireto, daga baya aka sa mata KA24E mai injekta. Hanyata hawa ce mai tsawo, kuma da kafireto duk sanda na yi sama sai motar ta shaƙe tana baƙin hayaƙi, saboda iska ta yi ƙaranci amma jet bai san da haka ba, man da ya saba bayarwa shi yake bayarwa. A gangare mai tsanani ko in motar ta karkata sosai, man cikin kwanon fulot yakan tuntsure ta mutu a inda bai kamata ba. Tun da aka sa injekta wannan ya wuce. Da asuba cikin sanyi ma murɗa makulli ɗaya ne, babu jan cok, babu famfa totur.

Sai dai akwai ranar da famfon mai ya mutu min a inda babu kowa, kuma babu abin da na iya yi sai jiran wanda zai ja ni. Da kafireto ne da na ɗaure galan a sama, na sa tiyo mai ya gangaro da kansa, na lallaɓa na isa. Yanzu ba na tafiya sai da famfo na ajiya da rile da fis.

Tsohon bakanike:
To ka ji abin da nake tsoro kenan. Kuma a ƙara da gurɓataccen mai. Kafireto zai haɗiye datti da ɗan ruwa ya yi tari ya ci gaba, in ya toshe ka wanke. Nozul na injekta kuwa ramukansa ƙanana ne ƙwarai, tsatsar tsohon tanki kaɗai ta isa ta toshe su ta kashe famfo. Wanda aikinsa ke nesa da mai na'urar duba kwamfutar mota ya yi tunani sosai kafin ya bar kafireto.

Mai tsohuwar Hilux:
Na gode Baba, na gode Oga mai wayarin da sauran 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri. Maganar ɗora kafireto a kan 3RZ na ajiye ta. Ni ba na shiga daji sosai, kuma kaya nake ɗauka, don haka zuciyata ta fi karkata ga injekta. Oga, me da me zan tabbatar suna jikin injin kafin in biya?

Mai wayarin:
Ka nemi wanda aka cire daga mota ɗaya, wayarinsa cikakke ba a datse ba, da birenbos ɗinsa, da sensan iska da akwatin filta, da koyil, da altaneta da kik. Ka duba lambar da ke jikin birenbos, ka tabbatar na giyan hannu ne in naka na hannu ne. In motar da aka ciro shi mai makullin tsaro ce, sai ka haɗa da makullin da zoben da ke karanta shi, in ba haka ba zai yi ta juyawa ba zai tashi ba. Ka sa a ranka cewa za a taɓa kujerar inji, kuma kan giyabos na 22R ba ya haɗuwa da 3RZ, don haka ka karɓo nasa tare da fulayiwil da kuloc. In taka mai aksul ce a gaba, a auna som, wato kwanon baƙin mai da ke ƙasan inji, kafin a ɗaure, yana iya taɓa aksul ɗin. Tankin kuma a sauke shi a wanke kafin a sa sabon famfo. Ka turo hoton kan injin da soket ɗin birenbos kafin ka ba da kuɗi, in duba maka.