Batirin LiFePO4 bai kama maganaɗisu ba, jabu ne?

Mai_Sola:
Assalamu alaikum. Aikin haɗa sola nake yi. Jiya wani kwastoma ya zo da maganaɗisun tsohuwar sifika, ya ɗora a jikin sel ɗin LiFePO4 (wani nau'in batirin litiyom mai ƙarfe da fosfet) masu kusurwa huɗu, na bolt 3.2, bai kama ba. Nan take ya ce jabu ne, tunda Fe ɗin da ke cikin sunan ƙarfe yake nufi. Na ɗauko masu zagaye, samfurin 32700, sai ga maganaɗisu ya manne daram. Wallahi na rasa bakin magana. Gaskiyarsa ce?

Malamin_Fizik:
Wa alaikumus salam. Malam, gwangwani ya gwada, ba abin ciki ba. Masu kusurwa huɗun galibi jikin alminiyom gare su, masu zagayen kuwa jikin ƙarfe ne.

Ko da garin LiFePO4 tsantsa ka samu, ba zai manne kamar ƙusa ba. Kowace ƙwayar ƙarfe da ke cikinsa ɗan ƙaramin maganaɗisu ce, amma a zafin ɗaki kowacce ta kama gabanta, babu jeri, don haka jan da ake samu ɗan kaɗan ne. Sai an sanyaya shi zuwa wajen kelbin 50, wato digiri 223 ƙasa da sifili, sannan su jeru. Nan ma jerin saɓani suke yi: wannan ta kalli gaba, maƙwabciyarta ta kalli baya, sai ƙarfinsu ya kashe juna. Santoro da Newnham ne suka nuna haka a 1967 da gwajin niyutiron, shekara 30 kafin ayarin John Goodenough a Jami'ar Texas su fito da shi a matsayin kayan batir a 1997. Dalili shi ne ƙwayoyin ƙarfen ba sa taɓa juna, ƙwayoyin oksijin da fosfet ne a tsakaninsu, ta nan suke jin juna. Abin da ya fi burge ni: idan ka yi caji litiyom ya fita, ya zama FePO4, sai ma'aunin zafin da suke jeruwa a kai ya hau zuwa wajen kelbin 125.

Ɗalibar_Kemistiri:
Malam ya gama magana, ƙari kaɗan zan yi. Maganar kwastoman ma a juye take. Idan garin ya bi maganaɗisu da ƙarfi, to datti ne a ciki: ɓurɓushin ƙarfe ko Fe3O4 (wata irin tsatsar ƙarfe mai bin maganaɗisu) da ire-irensu da suka samu lokacin gasa shi. Irin wannan ɓurɓushi kan narke, ya je ya taru a ɗaya ɓangaren batirin, har ya huda takardar da ta raba ɓangarorin biyu, batir ya riƙa zubar da caji shi kaɗai. Shi ya sa masana'antu ke bi da garin ta cikin maganaɗisu masu ƙarfi don tace shi. Don Allah kada wani ya ce zai fasa sel ya gwada a shago, ruwan cikinsa na kama wuta.

Mai_Sola:
Allah ya saka da alheri. To da me zan gamsar da shi? Mutumin akwai taurin kai.

Malamin_Fizik:
Ka cika sel ɗaya zuwa bolt 3.65 a gabansa, ka sauke shi da na'urar gwaji zuwa 2.5, ku karanta amfiya-awa (Ah) nawa ya bayar, ku kwatanta da abin da aka rubuta a jiki. Ka ɗora shi a sikeli ma. Maganaɗisun kuwa ya mayar wa sifikarsa.