Buhun leda ne ke kashe irin dawa, ko danshi?

Dattijo daga Mirya: Ni ina nan kan bakana, buhun nan mai leda yana kashe irin dawa. Iri abu ne mai rai, numfashi yake yi. Bara na zuba tiya shida na ɗaure tun kaka, da ruwa ya sauka na shuka, rabi bai tsiro ba. Iyayenmu zangarniya suke ratayawa saman murhu, hayaƙi na dukanta, kuma ba su rasa iri ba.

Malamin gona: Baba, kwana nawa ka shanya bayan sussuka?

Dattijo daga Mirya: Biyu. Awaki sun dame ni, na kwashe.

Malamin gona: To, a nan gizo ke saƙa. Busasshen iri numfashinsa kaɗan ne ƙwarai. A buhun PICS, wato buhun nan mai leda da ba ya barin iska ta shiga, ƙwarin ciki ne ke cinye iska har su mutu. Amma in dawa ta shiga da danshi, ledoji biyun nan na ciki ba sa barin ya fita, sai ta ɗau zafi ta yi fumfuna. Ana son danshi ya sauka wajen kashi 12 cikin 100. Zuba ƴar dawa da busasshen gishiri a kwalba ka girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar, mayar da ita rana.

Hajiya mai sayar da iri a kasuwar Dole: Malam, ni leda kaɗai ba ta kwantar mini da hankali. Ɓera ɗaya ya huda ta, aiki ya ɓaci. Tun kaka nake cakuɗa irina da Apron Star, maganin ƙwari da ake shafa wa iri, kafin in ɗaure.

Matashi daga Magarya: Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ne ke ba ni tsoro. Ke sayarwa kike yi. A ƙauye kuwa, in rumbu ya ƙare kafin damina, buhun iri ake kwancewa a yi tuwo. Wanki ba ya fitar da gubar nan, ko da jan launin ya tafi. Ga yara, ga kaji.

Malamin gona: Gaskiyarsa. Kuma aikin maganin a cikin ƙasa yake: ya tsare tsiro daga ƙwari da ruɓewa, ya rage burtuntuna. Ni na fi son a shafa shi ana gobe shuka. Ɓera kuwa, a ɗora buhu kan katako, nesa da bango.

Hajiya: Mai saye ba zai shafa ba in ya kai gida, na san mutanena. Zan ci gaba, amma a ƙananan ledoji masu rubutu.

Dattijo daga Mirya: Ban sallama ba tukuna, ɗana. Bana zan raba biyu, rabi a zangarniya, rabi a leda bayan shanya ta sati guda. Kafin ruwa in ƙirga ƙwaya 100 daga kowane, in binne a jiƙaƙƙen rairayi, ka zo Mirya mu ƙirga tsiron tare.